Muryar Cindo a Bakin Ɗan Tagulla

An ce wani sarki ya yi mulki a wani birni da ke tsakanin dutse da kogi. Ba azzalumi ba ne, ba kuma mai sakaci ba. Aibinsa guda ne: idan ya yanke magana a gaban jama'a, yana ganin janye ta kamar faɗowa ce daga kan karaga.

A zamaninsa aka yi fari shekara uku a jere, bayan farin kuma annoba ta biyo, har ba a sami gidan da bai fitar da gawa ba. Da Allah ya kawo sauƙi, ruwa ya sauka, rumbuna suka cika, sai sarki ya lura da wani abu da ya dame shi. Mutanensa sun ƙoshi, amma sun daina dariya. Kasuwa tana ci babu hayaniya, mata suna daka babu waƙa, ko a gidan biki sai a ci tuwo a watse. Ya tara makaɗa suka yi kiɗa, mutane suka saurara da ladabi, suka koma gidajensu kamar yadda suka fito.

Ana nan sai wani ayarin fatake ya iso da wani baƙo daga hayin teku, maƙeri ne, sunansa Jirjis. Ya zo da wani mutum-mutumi da ya ƙera da hannunsa. Tsayinsa tsayin mutum matsakaici, jikinsa tagulla, gaɓoɓinsa baƙin ƙarfe, idanunsa gilashi. Yana tafiya da ƙafafunsa, yana taka rawa daidai da kalangu, idan aka yi masa tambaya ya amsa, shi ma kuma ya yi tasa tambayar. Amma abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne kama murya. Idan mutum ya yi magana kaɗan a gabansa, sai ya ɗauke muryar ɗungum, ya faɗi duk abin da ya ga dama da ita, har matar mutumin ba za ta iya rarrabewa ba.

Sarki ya sauki Jirjis a gida mai kyau, ya sa aka share filin ƙofar fada, aka yi shela cewa kowace Juma'a bayan la'asar za a yi wasa, kowa ya zo. Mutanen gari suka sa wa abin suna Ɗan Tagulla.

Juma'ar farko ya kama muryar Sarkin Pawa, ya yi ta rantsuwa da ita cewa shi bai taɓa sa wa kowa ƙashi a ma'auni ba. Juma'a ta biyu ya kama ta alƙali, ya sa wata akuya a gaba yana cewa ta kawo shaidu. Alƙalin da kansa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Kafin wata ya ƙare, filin ya daina ɗaukar mutane. Wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. Zawarawan annoba, waɗanda aka daɗe ba a ga haƙoransu ba, aka gan su suna rufe baki da mayafi. Sarki ya dubi wannan ya ce a ransa ya sami maganin da makaɗa suka rasa, ya kuma ƙaunaci Ɗan Tagulla kamar yadda ake ƙaunar likitan da ya tashi majinyaci.

To, mutanen ƙasar nan suna da wata al'ada, wadda yanzu ta yi ƙaranci, har wasu yara ba su san an yi ta ba. Uba ko uwa ba su faɗin sunan ɗansu na fari. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Sukan ce "kai", ko "yaron nan", ko su laƙaba masa wani suna na daban, amma sunan da aka raɗa masa ba ya fitowa daga bakinsu har su koma ga Allah. Mutum yakan yi alfahari da wannan a ɓoye, kamar yadda wani yake alfahari bai taɓa cin amana ba.

A cikin birnin akwai wani tsoho mai tufkar igiya, sunansa Cindo. Mutum ne mai ƙarancin magana, kullum yana zaune a ƙofar gidansa da rama a cinya. Annoba ta ɗauke masa mata da 'ya'ya uku, ta bar masa ɗan farinsa, Haladu, magidanci mai shekara arba'in, wanda yake kai igiyoyin kasuwannin ƙauye a kan jaki. Cindo bai taɓa zuwa kallon wasan ba. Wata Juma'a maƙwabta suka matsa masa, suka ce zaman kaɗaici zai kashe shi, suka jawo shi har sahun gaba.

Ɗan Tagulla yana zagaya fili yana zaɓen wanda zai yi wasa da shi, sai ya tsaya a gaban Cindo, ya rusuna.

Ya ce, "Sannu, Baba. Mece ce sana'arka?"

Cindo ya ce, "Igiya nake tufkawa."

"Ta ɗaure akuya, ko ta ɗaure ɓarawo?"

"Wanda ya saya shi ya san abin da zai ɗaure. Ni dai ba a taɓa dawo mini da ita an ce ta tsinke ba."

Mutane suka yi dariya, Cindo ma ya ɗan murmusa. Ɗan Tagulla ya ce, "Kana da 'ya'ya?"

"Akwai abin da Allah ya bari."

"Babban, wane ne sunansa?"

Cindo ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yana da suna."

"Wane suna?"

"Wanda aka raɗa masa."

Aka sake dariya, domin kowa a wurin ya san dalili, ban da Ɗan Tagulla da maƙerinsa. Da an bar maganar a nan, da ta wuce. Sai wani mahauci daga baya, mai son a san yana wurin, ya ɗaga murya ya ce, "Haladu ne sunansa. Ga shi can gindin ceɗiya yana sauke wa jaki kaya."

Ɗan Tagulla ya juya wajen ceɗiyar. Ya buɗe baki, sai muryar Cindo ta fito, da 'yar rawar tsufan da ke cikinta, da komai. Ta ce, "Haladu. Haladu, ɗana, zo nan in gan ka."

Haladu ya dawo daga ƙauye ke nan, ya ba filin baya, bai san abin da ake ciki ba. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Ya saki kayan suka zube, ya ce, "Na'am, Baba!" Ya taho da gudu yana ture mutane, yana tsammanin ko uban nasa ya faɗi ne, ko ajali ne ya zo har ya kira shi haka. Ya faɗo cikin fili, ya durƙusa inda muryar ta fito. Da ya ɗaga kai, sai ya ga tagulla.

Filin ya fashe da dariya. Sarki ma ya yi, har ya dafa kafaɗar wanda ke kusa da shi. Haladu yana durƙushe, ƙato mai gemu, hawaye na bin fuskarsa, ya rasa inda zai duba.

Cindo ya tashi. Ya ɗaga sandarsa da hannu biyu, ya sauke ta a kan Ɗan Tagulla. Ya ƙara. A bugu na uku kan ya lotsa, ido ɗaya ya tarwatse, muryar ta koma kamar kukan ƙofa, sannan ta ɗauke. Dogarai suka danne tsohon a ƙasa.

Sarki ya miƙe tsaye a fusace. Ya tambayi Jirjis ko abin zai gyaru. Jirjis ya duba, ya ce, "Ya sarki, zai gyaru, amma sai na yi kwana bakwai a kansa."

Sarki ya ce, "To, ku ji. Mutumin nan ya ɗaga makami a gabana, ya kuma fasa abin da ya mayar wa garin nan da dariyarsa. Juma'a mai zuwa, a nan filin, ranar da Ɗan Tagulla zai sake magana, za a sare hannun da ya yi dukan. Na faɗa."

Aka tafi da Cindo kurkuku.

A cikin makon gari ya koma shirun da ya saba. Ran Litinin Haladu ya je fada ya faɗi gaban sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsohona da hannun nan yake ci. Ni ina da jaki, da hannu ɗaya ma zan iya kora shi. A sare nawa." Sarki ya ce wanda ya yi duka shi ke biya, aka fitar da shi. Liman ya yi roƙo, alƙali ya yi, sarki ya ce da su duka magana ta riga ta fita a gaban jama'a.

Akwai wani tsohon wanzami a bayan masallacin Juma'a, sunansa Nomau. Shi ya yi wa sarki askin suna yana jariri ɗan kwana bakwai, shi ya ci gaba da yi masa aski har ya hau karaga. Da hannunsa ya fara rawa sai ya ajiye aska, ya bar wa wasu, ya koma yana kiwon tantabaru. Ba ya zuwa fada, ba ya roƙon komai. Ran Juma'a da hantsi sai ga shi a ƙofar sarki da tsohuwar zabirarsa, wato jakar kayan aski, ya ce a gaya wa sarki yana so ya yi masa askin Juma'a sau ɗaya kafin ya mutu.

Sarki ya ji nauyinsa, ya ce a shigo da shi. Ya sallami fadawa, ya cire rawani, ya zauna a kan tabarma kamar yadda yake yi tun yana yaro.

Nomau ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya wasa aska a tafin hannunsa, ya ce, "Ya sarki, hannuna ba kamar da ba ne. Kada ka yi motsi."

Sarki ya ce, "Baba, in roƙo ka zo yi wa mai igiya, liman ya riga ka."

"Ni aski na zo yi. Amma ka san wanzami ba ya aiki da baki a rufe."

Ya fara daga gefen dama, a hankali. Sai da ya aske rabin kan tas, ya bar rabi, sannan ya ce, "Ya sarki, ina da tambaya. Wace ajiya ce mutum kan yi shekara arba'in yana tsaronta, ba a cikin akwati ba, ba a cikin rami ba, kuma ranar da aka sace ta sai ya tarar tana nan inda ya ajiye ta, amma ta riga ta tafi?"

Sarki ya yi tunani, ya ce, "Ƙuruciya."

"Ƙuruciya ba a tsaronta, ita ke gudu da kanta."

"To, asiri."

"Ka yi kusa. Amma asiri abin da wasu ba su sani ba ne. Wannan kowa ya san ta."

Sarki ya ce, "Na gaza. Faɗi."

Nomau ya ce, "Kalmar da mutum ya hana bakinsa. Duk garin nan an san sunan ɗan Cindo. Ni na aske yaron ranar da aka raɗa shi. Abin da Cindo ya mallaka ba sunan ba ne, rashin faɗinsa ne. Ran Juma'a aka faɗa da muryarsa, bakinsa yana rufe."

Sarki ya ce, "Ashe dai roƙon ne." Ya yunƙura zai tashi.

Nomau ya ce, "Kana iya tashi, ya sarki. Sai dai rabin kai ne."

Sarki ya shafa kansa, ya ji gefe ɗaya sumul, gefe ɗaya gashi. Ya koma ya zauna, ya ce, "Ka yi mini dabara, tsoho. To, ji nawa. Ɗan Tagulla bai zagi kowa ba. Cewa ya yi, ɗana, zo in gan ka. Wace magana ce ta fi wannan daɗi? Ya kama muryar alƙali, alƙali bai ɗauki sanda ba. Ya kama ta Sarkin Pawa, ya mai da shi abin dariya, ya haƙura. In na bar kowa ya fasa abin da ya ɓata masa rai, gobe wa zai tsaya a filin nan? Ba don kaina na kawo abin nan ba. Ka ga yadda garin nan yake kafin ya zo."

Nomau ya ce, "Na gani, kuma Allah ya saka maka. Ni ma na je kallo sau biyu, na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Karkato kanka hagu." Ya ci gaba da aski. "Ya sarki, zoben hatimin da ke yatsanka, in wani ya zare shi kana barci, ya buga a takardar da ba kai ka rubuta ba, mene ne hukuncinsa?"

"A sare hannunsa."

"Ko da takardar gaisuwa ce kawai, da fatan alheri?"

"Ko da ita ce. Ba abin da aka rubuta ba ne laifin, hatimin ne."

"Talaka ba shi da zobe. Muryarsa ce hatiminsa."

Sarki ya ce, "Maganarka tana da kyau, amma ba daidai ba ce. Hatimina yana tada runduna, yana buɗe taska. Muryar mai igiya me ta tayar? Mutum ɗaya ya yi gudu daga gindin ceɗiya, aka yi dariya, shi ke nan. Ba a sare hannu don hatimi saboda darajar zobe, sai don girman ɓarnar. A nan ɓarnar ƙarama ce."

Nomau ya ce, "Ka fi ni hujja, ya sarki. Na bar maganar."

Ya ci gaba da aiki har ya gama kan, ya sauko gefen wuya. Sarki ya ɗauka an gama, ya saki jiki, ya ce, "Ka yi aski mai kyau, Baba. Roƙi abin da kake so, ban da mai igiya."

Nomau ya ce, "Abu ɗaya nake so, kuma don kai ne, ba don ni ba. An ce Ɗan Tagulla ya gyaru tun jiya. Kai ma ɗan fari ne, ya sarki. Ina nan a zaure ranar da aka raɗa maka suna, mahaifiyarka tana ɗaki ta rufe fuska. Yau shekararka hamsin da biyu. Ka taɓa jin sunanka a bakinta?"

Sarki ya sassauta murya. Ya ce, "Ban taɓa ba. Ina yaro nakan ɓuya bayan rumbu in ƙi fitowa cin abinci, ko za ta gaji ta kira ni. Sai ta aiko a nemo mata wancan. Har yau in na shiga gaishe ta, mai gari take ce mini."

"Kana so ka ji?"

"Wane ɗa ne ba ya so?"

Nomau ya ce, "To, ga roƙona. Tana nan da ranta a babban ɗaki, muryarta garau. A kai Ɗan Tagulla ƙofarta yanzu, ya gaishe ta, ta amsa, ya kama muryar. Da la'asar, in jama'a sun taru, kafin a sare hannun, sai ya tsaya a tsakiyar fili ya kira ka da ita, da sunanka na yanka, ya ce, ɗana, zo nan in gan ka. Kai kuma ka amsa. Magana ce mai daɗi, babu zagi a ciki."

Sarki ya zabura, askar ta ɗan yanke shi a ƙasan kunne. Bai ma ji ba. Ya ce, "Uwata? A tsakiyar fili, mahauta suna dariya? Matar da ta riƙe bakinta shekara hamsin? Wallahi ba za ta ƙara fitowa ƙofar ɗakinta ba har ta mutu. Duk ranar da ƙarfen nan ya yi haka, ba zan jira dogari ba, da hannuna zan farfasa shi."

Nomau ya ɗauki tsumma ya danne inda jinin yake, ya ce, "Na ce kada ka yi motsi." Ya ɗan jira, sannan ya ce, "Da wane hannun, ya sarki, na dama ko na hagu? In sani, don mai sara yana jiran la'asar."

Sarki ya koma ya zauna. Ya dubi hannayensa a kan gwiwa, ya daɗe yana dubansu. Nomau ya wanke askarsa, ya goge, ya mayar cikin zabira.

Can sarki ya ce, "Na faɗa a gaban jama'a, Baba."

Nomau ya ce, "Jama'ar suna nan, ba su ƙaura ba. Da la'asar za su dawo."

Da la'asar filin ya cika, amma babu mai magana. Aka fito da Cindo, hannayensa a ɗaure ta gaba, ya rame. Haladu yana tsaye a gefe, dogarai biyu suna riƙe da shi. Ɗan Tagulla yana kusa da Jirjis da sabon ido, kansa ya koma daidai sai ɗan tabo. Mai sara ya ajiye gungumen itace a tsakiya.

Sarki ya fito. Maimakon ya hau karaga sai ya wuce ta, ya tako cikin fili da ƙafarsa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya tsaya gaban Cindo, ya kama igiyar da aka ɗaure shi da ita, ya fara kwancewa. Ƙullin ya ƙi. Sarki ya ja nan, ya ja can, ƙullin ya ƙara cijewa.

Cindo ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ba ta nan ake bi ba. Tura wancan bakin ciki tukuna. Ni na tufka ta, ba ta sakin mai gaggawa."

Sarki ya yi yadda aka ce, igiyar ta saki. Wata tsohuwa a sahun gaba ta yi ajiyar zuciya da ƙarfi, sai aka ji filin duka ya numfasa tare. Dogarai suka saki Haladu, ya zo ya kama hannun ubansa na dama da hannu biyu, yana juya shi kamar bai yarda yana nan ba.

Sarki ya juya ga jama'a ya ce, "Makon jiya na yanke hukunci a nan, yau na janye shi a nan. Mutumin nan an ɗauki abinsa a gabana, ban hana ba, na fi kowa dariya. Da ya kare abinsa sai na kira shi mai laifi. Cindo, ka yafe mini."

Cindo ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ma na yi saurin hannu. Abin bai san komai ba."

Jirjis ya matso, ya dafa ƙirji, ya ce, "Baba, laifin nawa ne. A ƙasarmu uban da ba ya kiran sunan ɗansa cewa ake yi ba ya son sa. Na ɗauka alheri abin zai yi maka."

Cindo ya dube shi da tausayi, ya ce, "Kullum kuke kira? Safe da yamma?"

"Kullum."

"To, Allah ya kyauta. Ai sai sunan ya ƙare."

A nan aka yi dariyar farko, mai sauƙi, irin ta wanda ya sauke kaya. Sarki ya kafa doka a wurin: Ɗan Tagulla zai ci gaba da wasa kowace Juma'a, amma ba zai ƙara ɗaukar muryar kowa ba sai ya nemi izini, kuma ba zai faɗi da ita ba sai abin da mai ita ya yarda a faɗa, wanda ya ce a'a, a wuce shi, kada a tambaye shi dalili. Jirjis ya ce wannan abu ne mai sauƙin saitawa. Aka ɗauke gungumen itacen, makaɗa suka sa kalangu, Ɗan Tagulla ya shiga rawa, Cindo da ɗansa suka bi ta gefen fili suka tafi gida ba wanda ya tsayar da su.

An ce sarkin ya yi shekara goma sha tara bayan wannan, kuma ya janye hukunci sau da yawa a gaban jama'a, karagarsa ba ta girgiza ba. Idan aka naɗa sabon alƙali a ƙasarsa, yakan kira shi gefe ya gaya masa magana guda: kafin ka auna laifin talaka da dokarka, fara auna ciwonsa da jikinka, hukuncin da ba za ka iya kai shi ɗakin uwarka ba, kada ka kai shi gidan kowa.